Turare

Hancin majemi ya daɗe da mutuwa.
Shekara ashirin da biyu ina cuɗa fata
cikin toka da ruwan bagaruwa,
shi ya sa ran da na tsince shi
a tsagar dutse, bayan Birni,
ɗan bodari, bai cika tafin hannuna ba,
ban ji abin da kowa ya ji ba.
Na sa shi a hula, na taho gida.
Gaptiya ta toshe hanci da bakin zane,
ta ce, "To, sai a raɗa masa Turare."
Sunan ya bi shi.

Damina uku yana mulkin tsakar gida.
Ɓera ya yi ƙaura, kunama ta bar gindin randa.
In kare ya leƙo zaure
sai wutsiya ta tashi tsaye,
unguwa ta kwana tana tsine mini.

Wutsiyar ce ta fara.
Wata asuba na gan ta tana share ƙasa,
na ce gajiya ce.
Bayan kwana tara ƙafar baya ta hagu
ta bi sahu, tana jan layi a rairayi
kamar yaro na wasa da tsinke.
Kafin watan ya mutu, ta dama.

Na naɗe shi a buhu, na hau kabu-kabu
zuwa wurin likitan dabbobi.
Malam Zabairu ya saba da rago da raƙumi.
Ya gyara tabarau, ya bi gadon baya gaɓa-gaɓa,
ya tsikari yatsu da allura.
Ba karaya. Ba zazzaɓi. Ba sarar maciji.
"Ya ci maganin ɓera?" Ban sani ba.
"Ya faɗo daga katanga?" Ban gani ba.
Ya ce, "Ko a lakwal ba mu gamu da irin wannan ba."
Ya yi masa allurar ƙarin ƙarfi,
ya ƙi karɓar ko dala.

Abin da likita ya rasa, unguwa ta samo.
Tanimun mai shayi ya ce jifa aka yi mini, ya faɗa kansa.
Tsohuwa Barira ta ce sawun iska ya taka.
Wani ya yi dariya a layin famfo:
"Tusa ta ƙare wa bodari."
Ban tanka ba. Na ɗauki jarkata.

Yanzu kowace Juma'a da ƙayar aduwa nake awo,
in tsikara daga ƙugu in yi sama,
inda ya zabura in ɗiga jan karan dafi
a kan farin zanen bayansa.
Ɗigon yana hawa
yadda laima ke cin ginin ƙasa,
daga tushe, ba hayaniya,
yatsa biyu kowane mako.

Na yanka masa majanyi da ragowar fatar akuya,
na rataya a reshen bedi
yadda ƙafafun gaba za su taɓa ƙasa.
Yana tono. Har yanzu yana tono,
rami ɗaya, a wuri ɗaya.

Gaptiya, wadda ta rantse ba za ta taɓa shi ba,
ita ke gasa masa mara da ruwan ɗumi,
ruwan da muka saya da kuɗin cefane.
Ita ke fizge wa fara ƙafafu kafin ta miƙa masa.
Shekaranjiya hannunta ya tsaya,
ta dubi farar, ta dube shi.

Idonsa lafiya lau. Abin da ke cina ke nan.
Yana bin ƙadangare da kallo har kan katanga,
kunne ya miƙe, kafaɗa ta yunƙura,
sauran jikin bai samu labari ba.

Saura yatsa huɗu ɗigon ya kai wuya.
Daren jiya kare ya leƙo zaure,
ya shigo, ya sansana turmi, ya fita abinsa.
Maƙwabta sun kwana da taga a buɗe.
Ni kuwa na ɗauko tsohon buhun
na cusa hancina ciki,
wannan mataccen hanci,
ina ja,
ina ja.